Jarrabawar Manaja

Zuwa ga 'yata, Malamar gobe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in kin cire gwiwata ta hagu, wadda ta yi ritaya ba tare da ta rubuto mini takarda ba. Gwaggonki tana gaishe ki. Ta ce a hoton da kika aiko kin koma kamar eriyar rediyo, ki riƙa cin abinci, karatu ba ya zama a kan wanda cikinsa ke kuka.

'Yarki kuwa, wadda duk layin nan ba a san ta da wani suna ba sai Manaja, tana nan garau. Ta ɗan yi zazzaɓi bayan tafiyarki, ya zo ya wuce. Kullum tare muke buɗe shago. Sai ta hau bencin katako kusa da ni, ta zuba mini ido kamar ita ta ɗauke ni aiki. Na ba ta kwano uku da tulin kusoshi, ita ke ware mini manya da ƙanana, kuma wallahi ta fi ni, ni da na shekara talatin ina gyaran rediyo. Ga son kiɗa. Duk rediyon da na tayar, sai ta ɗora tafin hannunta a kan lasifika ta yi ta murmushi. Sai ta sa hannu sannan mai kaya yake ɗaukar kayansa.

Na karanta abin da kika ce ana koya muku a kwalejin malamai. Wai yaro hawa-hawa yake girma kamar mai hawan tsani, ba ya tsallake mataki. Haka ne. Ni nawa tsanin a aji huɗu ya ƙare, har yau ina tsaye a can ina leƙen na sama. Sai kuma labarin masanin nan da ya riƙa kaɗa wa karensa ƙararrawa kafin ya ba shi abinci, har kare ya koma da ya ji ƙararrawa sai yawu. Malama, in wannan shi ne ilimi, Gwaggonki ta daɗe da zama farfesa. Murfin tukunya kawai take bugawa, daga shago nake tasowa da gurguwar gwiwata.

To, ga takardarki nan na mayar. Layi ashirin, kowane layi da gurbin "Eh" da gurbin "A'a". Tana hawa matakala ita kaɗai? Tana riƙe cokali? Tana juyowa in an kira sunanta? Tana haɗa kalma biyu? Na sa tabarau, na feƙe fensir, na zaunar da Manaja, muka yi zaman jarrabawa sosai, har na hana tela na kusa da mu leƙowa don kada a ce an yi satar amsa. Sakamako: ashirin bisa ashirin. Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa samun wanda ya cinye duka ba. Da ubanta na da rai, Allah ya jiƙansa, da ba mu sha iska ba.

Ki dage da karatu. Kada ki sa tunanin nan a ranki.

Babanki, mai aji huɗu.

* * *

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, kuma don Allah ka daina ɗaukar batirin mota da kanka.

Na yi dariya har abokiyar ɗakina ta tambaye ni ko lafiya. Daga baya kuma na ɗan yi kuka, don wata uku ke nan rabona da in goya ta.

Amma Baba, takardar nan ba jarrabawa ba ce. Ba a ci, ba a faɗuwa. Kamar mitarka ce ta shago: kana ɗora ta a kan waya don ka ga inda wuta ta tsaya, ba don ka kunyata rediyon ba. In akwai layin da ba ta kai ba tukuna, ka sa "A'a" kawai, ba wani abu ba ne.

An ba mu aiki, kowa ya bi yaro ɗaya tsawon shekara ya rubuta yadda yake girma. Ni tawa na zaɓa. Zan riƙa aiko da takarda duk bayan wata uku.

Hutun tsakiya ba zan samu zuwa ba, an tura mu koyarwar gwaji a wata firamare. Sai babban hutu. Don haka ina roƙon abu ɗaya. Rikoda ba ta yankewa a shagonka. Ka ɗaukar mini muryarta a kaset. Lokacin da na taho ta iya "Mama" da "ba ni" da "tafi". Ina so in ji abin da ta ƙaro. Na ji daɗi da ka ce tana son kiɗa, malamarmu ta ce yaron da ke bin sauti bakinsa ba ya nauyi.

'Yarka.

* * *

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Muna nan ƙalau. Gwiwa ta dawo aiki, amma rabin rana take yi. Manaja ta ƙara tsawo, yanzu tana kai hannu kan teburin dalma, sai da na ɗaga shi da bulo biyu.

Maganar kaset. Na ɗauka, rikoda ta cinye zaren. Kin san gidan mai gyara, nan kayan da suka lalace ke yin taronsu. Na sake gwadawa da wata, Manaja ta kalli makirufo ta juya kai. Manyan mutane ba sa hira da 'yan jarida. Ki ƙara haƙuri.

Kin ce takardarki ba jarrabawa ba ce. Mu ma haka aka ce mana. Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki shi duka ba, tunda yanzu ke ce masaniyar gidan.

A ajinmu, malam da sakamako yake zaunar da mu. Na ɗaya a gaban allo kusa da taga, na ƙarshe a bakin ƙofa. Ƙarshen kowane wata a yi gwaji a sake zama. Ni kuwa duk wata sai in matsa benci ɗaya. Ba wanda ya kai ni yawon duniya a ajin nan. A aji uku na isa bakin ƙofa, aka ba ni muƙamin korar kaji. Ba wai ba na so ba ne. In malam ya faɗi abu da baki, sai ya bi ta kaina ya wuce. In ya ba ni abu a hannu, ko makullin ofis ne da ya ƙi buɗuwa, kafin ya juyo na gama da shi. Sai dai ba a ba da maki a kan makulli.

A aji huɗu wani babban jami'i ya zo da takarda mai gurbi-gurbi irin taki. Ya ce kada mu ji tsoro, dubawa ce kawai. Ya yi mini tambaya goma cikin minti biyar. Ni kuwa idona na kan agogon hannunsa, na lura ya tsaya, ina ta tunanin ta inda zan buɗe shi. Ya rubuta kalma huɗu: "Ba ya ɗaukar karatu." Dama taku ɗaya ya rage mini, sai na ƙarasa waje. Kakanki ya ninke takardar ya adana a akwati kamar takardar gona. Duk baƙon da ya tambayi abin da ya hana ni makaranta, sai ya fito da ita, shi a ganinsa yana wanke kansa ne. Har lokacin da na je neman auren mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, sai da wani kawunta ya tambaya ko ni ne yaron takardar nan. Ina da gemu a lokacin.

Ba kuka nake miki ba. Rediyo bai taɓa tambayata takarda ba.

Ga ta biyu nan na cika. Ashirin bisa ashirin, ba mu sauka daga kan kujerarmu ba. A layin da aka ce kalma nawa ta iya, na rubuta talatin da ɗaya. Na ƙirga da kaina, ban ƙara ko ɗaya ba. Ni da ita babu abin da ba ma tattaunawa.

Gwaggonki ta ce in rubuta miki wata magana, na ce mata mai fensir shi ke da wasiƙa. Tsufa ne, kome ta gani sai ta ce a je asibiti.

Babanki, tsohon mai korar kaji.

* * *

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. In Gwaggo ta ce a je asibiti, ka je. Gwiwa ba abin wasa ba ce, kai kuma kome wasa ne a wurinka.

Labarin ajinku ya tsaya mini a rai. Abin da ake koya mana yanzu shi ne, yara ba ta ƙofa ɗaya karatu ke shigar su ba, wani ta kunne, wani ta ido, wani ta hannu. Kai na hannu ne, ba a samu mai lura ba. Da ni ce malamarka, da agogon zan cire in ba ka.

Ga albishir. Kashin farko na aikina ya fi na kowa maki. Malamarmu ta sa na tsaya gaban aji na karanta, har da kwanonin kusoshi, ta ce ga misalin yarinya mai girma daidai da shekarunta, kuma kakan nan ya fi wasu malamai lura. Aka tafa. Rabin tafin naka ne.

Ga takarda ta uku. Kaset fa, Baba? Ko tari ne ta yi, ina so.

'Yarka.

* * *

Baba,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan ba wasiƙa, ba takarda, ba kaset. Kullum sai na je ofishin wasiƙu, har mai raba su ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. In maganar asibiti ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri. In kuma kwance kake, Gwaggo ta sa tela ya rubuto mini. Kai ba ka iya shiru ba, shi ya sa hankalina ya tashi.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ba wanda ya kwanta. Wasiƙunki biyu sun iso. Sau huɗu ina fara amsa, kowace sai ta zama barkwanci, sai in yaga. Wannan ma ban yi alkawari ba, kin san bakina.

Manaja ba ta ji.

Na rubuta shi a layinsa shi kaɗai don kada in binne shi cikin surutu.

Zazzaɓin da na ce ya zo ya wuce, kwana tara ta yi a gadon asibiti. Ban faɗa miki ba don sati uku kacal da fara karatunki, na san za ki tattara ki dawo, ga shi kin riga kin taɓa barin karatu lokacin jinyar ubanta. Ta tashi, ta ci abinci, ta koma gudunta. Sai dai "Mama" ta daina fitowa. "Ba ni" ta koma miƙa hannu. Na ce gajiyar ciwo ce. Gwaggonki ta ce kunne ne. Na ce mata ita da ba ta yi ko aji ɗaya ba, ina ta san kunne.

Ranar da takardarki ta farko ta zo, na bi layi-layi lafiya lau har na kai na bakwai: tana juyowa in an kira sunanta? Na tsaya a bayanta na kira. Ba ta juyo ba. Na ɗaga murya. Kusoshinta kawai take warewa. Malama, fensir na hannuna, gurbin "A'a" na kallona, sai na ga hannun jami'in nan da mataccen agogonsa. Na zauna a ƙarshen benci, na kira sunanta, na bugi katakon da diddige. Ta juyo tana dariya. Na sa "Eh". Na ce wa kaina ban yi ƙarya ba: an kira, ta juyo. Daga ranar haka muke yi kullum, har muka ƙware. In baƙo ya shigo shago, in kira, in buga, ta juyo, kowa ya ce kai, yarinyar nan da wayo take. Na zama masanin nan mai ƙararrawa, sai dai ni kaina na horar, ba kare ba.

Kalma talatin da ɗaya kuwa, suna nan, amma da hannu take yin su. Lasifikar da take dafawa, ba kiɗa take ji ba, rawar da lasifikar ke yi ce take ji a tafinta. Ni na fi kowa sanin haka, sana'ata ce. Na sani lokacin da nake rubuta miki tana son kiɗa.

Wata biyu da suka wuce aka kawo mini babbar lasifika irin ta filin taro. Na haɗa waya ban lura maɓallin ƙara yana ƙarshe ba. Ta saki wata irin ƙara, tela ya soke yatsa da allura, mai wanki ya yar da dutsen guga, jaririn gidan da ke kallonmu ya tsala ihu. Manaja tana taku biyu daga bakin lasifikar, a kan siminti, ta ba ta baya, tana jera kusoshi. Ko gira ba ta ɗaga ba. Duk layin suka fito za su cinye ni ɗanye, sai suka ga abin da nake kallo. Tela ya ce, "Mai rediyo, tun yaushe?" Na sunkuya na zare wayar.

Rikoda ba ta cinye kome ba. Kaset ɗin yana cikin ambulan ɗin nan. Minti ashirin ne na wani tsoho yana cewa, "Ce Mama. Ce Mama." In kin kasa kunne za ki ji kusoshi na faɗawa cikin kwano. Ita ce.

Ga takarda ta uku. A tsaye na cika ta, ƙafata ba ta taɓa benci ba. Sha ɗaya bisa ashirin.

Tsoro na ji kada a rubuta mata kalma huɗu ta yi ta yawo da su har tsufa, kuma a ce da hannuna aka fara. Iyakar dalilina ke nan. Na ɗora shi a sikeli, bai kai nauyin abin da na yi ba.

Babanki.

* * *

Baba,

Ina gaisuwa. Na saurari kaset ɗin sau ɗaya. Ba zan iya na biyu ba.

Wata goma, Baba. A littafin da nake rungume da shi kullum an ce shekarun nan na farko su ne lokacin da harshe ke kama yaro, kamar ɗanyen siminti, abin da aka zana yanzu shi ke zama. Ina nan ina haddace wannan don in ci jarrabawa, tawa tana can tana bushewa. Na tsaya gaban aji ana tafa mini a kan yarinyar da babu ita. Ni ma ban fita daga laifi ba: ka rubuta "a je asibiti", na zaɓi in ga gwiwa.

Na je wurin malamarmu na ce a soke aikin. Ta ce maki ba shi ne abin kuka ba. Ta haɗa ni da wata likitar kunne a nan, kuma akwai ajin ƙananan yara kurame kusa da kwaleji. Na kama ɗaki a wajen makaranta. Gwaggo ta kawo mini ita ranar Asabar ta sama.

Na san abin da aka yi maka a aji huɗu. Amma shi mutumin bai san ka ba, ya rubuta abin da ya ɗauka gaskiya ne. Kai ka san ta, ka ga gaskiyar, ka rubuta wani abu dabam.

Ka yafe mini in na yi tsauri. Ka zauna da shago tukuna. Ban shirya ganinka ba, kuma ba na so in faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Gaisuwa. Wannan a hannun Gwaggonki za ta zo, tare da Manaja da jakarta. Ba ki yi tsauri ba. An taɓa korata ban san laifina ba, wannan karon aƙalla na san shi. Ci gaba ne.

Ba neman afuwa na zo yi ba. Aiki ne ya rage. Za a kawo miki yarinya mai surutu, ke kuma ba ki jin yarenta. To ga ƙamus daga wanda ba ya ɗaukar karatu.

In ta lanƙwasa hannu ta kai baki, ruwa take so. In ta bugi ciki sau biyu, yunwa. In sau uku ne da sauri, ba yunwa ba ce, bayan gida ne, kada ki tsaya tambaya. Wandona biyu suka yi shahada kafin in gane bambancin. In ta kumbura kumatu, Gwaggo take nufi. Kada ki faɗa wa Gwaggo, ita ta ɗauka ana cewa ta yi kyau ne. In ta shafa bayan hannu a hankali, kyanwa ce, ko duk wani abu mai laushi da take so ta ɗauka, har da jaririn mutane. In ta juya miki ƙeya, a'a ke nan, amma akwai sauran ciniki. In ta rufe ido kuwa, ta kashe ki kamar rediyo. Ki jira, da kanta za ta kunna.

Kada ki zo mata ta baya, tana firgita. Ki bugi abin da take zaune a kai, ko ki bari inuwarki ta riga ki isa. In za ki yi mata magana, ki durƙusa, haske ya kasance a fuskarki, don bakin mutum take kallo. A titi ki sa ta ta gefen bango, hannunta cikin naki, ko tana kuka kada ki saki. Ba ta san mota na da murya ba.

In ta ja haɓa, ni ke nan. Gemun ne.

In ta dafa aljihun ƙirji, ke ce. A nan nake ajiye hotonki, kullum da safe in fito da shi in nuna mata kafin mu buɗe shago. Ba lallai ta gane ki nan take ba, kada ki ji ciwo. Na sa Gwaggo ta ɗinka wa rigarta aljihu, hoton yana ciki. Kada ki rungume ta da sauri. Ki tsuguna ki bari ta fito da shi ta gwada da fuskarki da kanta. Ba ta yarda da kaya sai ta duba.

Sauran na rubuta su a bayan takardar nan, da zane inda rubutu ya gaza. Talatin da huɗu ne yanzu. Kwanoninta uku suna cikin jaka, da kusoshi marasa tsini. In mai mota ya ji jaka na ƙara, Gwaggo ta san abin da za ta ce.

Manaja ba ta san tafiya ce mai nisa ba. Ba mu da alamar "sai wata rana", ban taɓa bukatar ƙirƙiro ta ba. Zan raka su tasha in ɗaga mata hannu kamar yadda nake yi in za ta shiga gida cin abinci.

Layin nan duk suna gaishe ki. Tela ya ce shago ba Manaja, yanzu sai yadda ma'aikaci ya ga dama.

Babanki.

* * *

Baba,

Sun iso lafiya. Ta fito da hoton. Sai da ta duba sau uku.

An auna ta. Kunnen dama ya tafi. Na hagu akwai saura kaɗan, an ba ta na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. Na tambayi likitar ko mun makara. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ta ce kowane mako yanzu yana da tsada. Malamar ajin kurame ta karɓi takardarka ta kwafa, ta ce ba kasafai yaro ke zuwa musu da kalma talatin da huɗu ba, wanda ya rubuta wannan ya san yarinyarsa. Ban san inda zan ajiye wannan magana a zuciyata ba.

Ga matsalar. Ta ƙi na'urar. Da an sa sai ta fizge ta jefar, ta rufe ido. Ba ta ma barin likitar ta taɓa ta. Tun ranar da aka leƙa kunnenta da fitila aka sa mata wayoyi, wani abu take yi wanda babu shi a takardarka. Ta nuna kunne, ta dunƙule hannu ta murɗa shi dama da hagu, sannan ta ja haɓa. Tana yi tana jan zanena zuwa waje. Me take cewa?

'Yarka.

* * *

'Yata,

Gaisuwa. Na gode da kika tambaya.

Na san alamar. Ban sa ta ba don na ɗauka a shago kaɗai take aiki. Murɗa hannun nan sukurudireba ne, wato gyara. Ta ga an haska ciki da fitila an jona waya, ta san abin da ake yi wa rediyon da ya mutu ke nan. Cewa take, waɗannan ba su iya ba, a kai wa Kaka. A iya saninta, duk abin da ya lalace a duniya teburina ake kawo shi. Ba za ta bari wani ya taɓa kayan ba sai mai shagon ya ce ya kasa.

Akwai amsarta, kuma ta san ta. In aka kawo mini abin da ya fi ƙarfina, nakan buɗe tafin hannu biyu in girgiza kai, in nuna wa mai kaya hanyar wani shagon. Ta sha gani.

Kada ki yi mata ita a madadina. Daga hannunki ba za ta yarda ba, kuma ba ke ya kamata ki ɗauki wannan ba. Ni zan durƙusa gabanta, da gwiwar da babu, in buɗe mata hannu in ce wannan ya fi ƙarfin Kaka. Sannan in kama hannunta in ɗora a kan na likitar, in maƙala mata na'urar da kaina ta ga na amince da aikin.

Motar safe in zo, ta yamma in koma. Ba sai kin dafa kome ba, ba sai kin gaishe ni ba.

Na goge takalmina na ajiye. Ki rubuto rana.

Babanki.